Wace ƙaramar lasifika mai amfilifaya a ciki ta dace da teburin kwamfuta?

Mai_Nazari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sauti game da ƙananan lasifikoki masu amfilifaya a cikinsu, wato waɗanda ake jona su da wuta da kwamfuta kai tsaye ba tare da wata na'ura a tsakani ba. Teburina ƙarami ne, a jingine yake da bango, kuma mafi yawan abin da nake saurara laccoci ne da hirarraki, sai kiɗa jefi-jefi idan ina rubutu. Waɗanda nake da su yanzu na roba ne masu shan wuta ta USB; murya tana fita siririya, kuma duk lokacin da na motsa linzamin kwamfuta sai in ji wata 'yar ƙara tana tashi. Kuɗin da na ware ba su da yawa. Na ga wasu an rubuta wat 400 a kwalinsu, wasu kuma wat 42, amma masu wat 42 ɗin sun fi tsada, abin da ya ɗaure mini kai. Shin yawan wat ne abin dubawa?

Tsohon_Makaniki:
Wa alaikumus salam Malam. Ka cire ranka daga wat 400 ɗin nan. Lamba iri biyu ake rubutawa a kwali: RMS, wadda take nuna ƙarfin da amfilifaya za ta iya bayarwa a kai a kai, da kuma PMPO, wadda ba ta da wata ƙa'idar awo da aka yi ittifaƙi a kanta, don haka kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Akwai hanya mai sauƙi ta gane gaskiya. Ramin USB 2.0 yana ba da volt 5 da rabin amfiya, wato wat 2.5 ke nan, na USB 3.0 kuma wat 4.5, saboda haka lasifikar da ba ta da wata hanyar samun wuta sai wannan rami ba za ta fitar da abin da ba ta sha ba.

Ko a tsakanin lambobin gaskiya ma bambancin bai kai yadda ake zato ba, domin ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), alhali kunne yana buƙatar kusan desibel 10 kafin ya ji sauti ya ninka. Mutumin da ke zaune ƙasa da mita ɗaya daga lasifika da wuya ya yi amfani da fiye da 'yan wat kaɗan.

Abin da ya kamata ka duba shi ne faɗin wufa, wato babban bakin lasifika mai fitar da sauti mai kauri, da kuma jikin akwatin. Muryar namiji tana farawa ne daga wajen Hz 85 zuwa 180 (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), kuma wufa mai inci 2 a cikin roba mara nauyi ba ta iya tura iskar da za ta ba wannan yanki kauri; dalilin sirantar muryar da kake ji ke nan. Ka nemi mai wufa inci 3.5 ko 4 da tuwita daban, wato ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti, a cikin akwatin katako irin na MDF. Edifier R1280T misali ne sananne: wufa inci 4, wat 42 RMS idan an haɗa biyun, da wurin jona waya irin RCA guda biyu.

Kunnen_Gwani:
Na yarda da bayanin wat, amma ina ganin Malam Makaniki ya tsallake magana mafi muhimmanci a tambayar, wato tebur ƙarami ne kuma yana jikin bango. R1280T tsayinta ya kai santimita 23, zurfinta kusan 20, kuma guda biyu ne, don haka a auna teburin da tef kafin a yi sha'awarta. Abin da ya taimake ta shi ne ramin fitar iskarta yana gaba. PreSonus Eris E3.5 ta fi ta ƙanƙanta, tana da wurin jona abin saurare na kunne da maɓallin ƙara sauti a fuskarta, sai dai raminta a baya yake, kuma idan aka manna irin wannan da bango sautin ƙasa yakan kumbura ya rufe kalmomin mai magana. Tazarar taƙi ɗaya tana rage matsalar sosai, kuma akwai maɓalli a bayanta na rage bes, wato sautin ƙasa mai kauri.

Inda aka ajiye lasifika yana canza sauti fiye da yadda canza kamfani yake yi. Tuwita ba ta baza sauti ko'ina kamar wufa, saitin gabanta take harbawa, don haka idan tana kallon ƙirjinka za ka rasa tsabtar haruffa irin su "s" da "ts". A ɗaga su a kan 'yar matashiyar soso mai karkata ko littattafai masu kauri har tuwita ta yi daidai da kunne, a sa tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar kowace zuwa kanka, sannan a ɗan juyo da su ciki. Ɗagawar tana kuma hana fuskar tebur girgiza da mayar da sauti.

Ƙarar da ke tashi idan ka motsa linzami kuwa ba daga girman lasifika take ba. Hayaniyar lantarki ce ta cikin kwamfuta da ke bi ta wutar USB ko ta ramin sauti. Ka gwada jona wayar wutar lasifikar da cajar waya maimakon kwamfuta. Idan ƙarar ta ɓace, ka gano tushenta. Idan ta ci gaba ko bayan ka sayi sababbi, ƙaramar na'urar DAC ta USB, wadda ke fitar da sauti a madadin ramin sautin kwamfuta, takan magance ta a lokuta da yawa.

Bako_77:
Ni shawarata ita ce kada ka ruɗu da masu guda uku, wato ƙanana biyu da babbar wufa a ƙarƙashin tebur. A masu araha, dukan ƙasa yana da yawa amma tsakiyar sauti, inda murya take, a rame yake. Haka nan Bluetooth yana da amfani ga wayar hannu, amma a kwamfuta waya ta fi, tunda yana iya jinkirta sauti har baki da murya su saɓa a bidiyo. Idan ka samu damar gwadawa kafin ka biya, ka rage sautin ƙasa-ƙasa ka ji ko ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi, sannan ka tsayar da kiɗan ka kara kunne a tuwita. Idan ƙarar "shuu" da take fitarwa tana isowa har inda za ka zauna, za ta dame ka da dare.

Mai_Nazari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada cajar waya kuma ƙarar ta tafi. Na auna teburin, masu inci 4 ba za su zauna ba sai na ture allon kwamfutar. Idan kuɗin bai kai na inci 3.5 ba, shin Creative Pebble za ta fi abin da nake da shi, ko in dakata in ƙara tari?

Kunnen_Gwani:
Pebble inci 2 ce mai shan wuta ta USB, sai dai an karkatar da bakinta sama da digiri 45 saitin kunne, kuma tana da faifai a baya mai ɗan ƙara kaurin sauti, don haka laccoci za su fita sarai. Amma ajinsu ɗaya da naka, kuma tunda kaurin murya kake nema har da kiɗa, da ni ne sai in ɗaga na yanzu daidai kunne, in bar su a kan cajar, in ci gaba da tari har kuɗin mai inci 3.5 ya cika.