Yini ɗaya daga Accra zuwa Cape Coast da Elmina da tsohuwa mai ciwon gwiwa: zai yiwu?

Maman Yasmin:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna son fita da iyali daga unguwar Nima a Accra, Ghana, zuwa garuruwan bakin teku na yamma, mu je mu dawo a yini guda. Mu bakwai ne: ni da maigida, ƙaninsa, yara uku, sai surukata Hajiya. Ta haura shekara 70, gwiwoyinta duka biyu na ciwo, tana dogara sanda amma taku ashirin zuwa talatin sai ta nemi wurin zama. Tana kuma da ciwon sukari, tana allurar insulin. Muna da keken guragu mai naɗewa. Yara sun rubuto Winneba, Apam, Anomabo, Cape Coast, Elmina da gadar sama ta Kakum. Wanne za mu ɗauka, wanne za mu bari? Wace irin mota, kuma ƙarfe nawa za mu tashi?

Alhaji na Sabon Zongo:

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Zai yiwu, amma ba da wannan jerin ba. Daga Accra zuwa Cape Coast kusan kilomita 145 ne, awa uku idan hanya ta yi kyau, huɗu ko fiye idan cunkoson Mallam Junction da Kasoa ya kama ku. Zuwa da dawowa kaɗai sun cinye awa shida zuwa takwas, kuma rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara. Abin da ya rage muku awa huɗu ne ko biyar, a ciki za a ci abinci, a yi sallah, a kai Hajiya banɗaki. Wuri biyu ke nan, ba shida ba.

Kakum a cire shi tun yanzu. Yana kusan kilomita 30 arewa da Cape Coast, kuma kafin a kai gadar sai an hau tudu mai matakalar duwatsu cikin daji. Gadar kanta katako ne siriri da igiya, mutum ɗaya-ɗaya ke bi, tana lilo. Apam ma tsohon sansanin Turawan da ake zuwa gani a kan tudu yake. Winneba sai an sauka daga babban titi an shiga gari, a dawo, lokaci ya tafi a banza.

Ku yi sallar asuba ku tashi, kafin 6 kun wuce Kasoa. Ku tsaya sau biyu, a mahaɗar Winneba da kuma Mankessim, a babban gidan mai. Wajen 9 da rabi kuna Cape Coast kafin rana ta yi zafi. Azahar ku ƙarasa Elmina, kilomita 12 ne kacal. Ƙarfe 3 ku juyo, kada ku yarda ta wuce 3 da rabi, don hanyar ba ta da daɗi da dare, ga manyan motocin Takoradi da masu wuce mota a kwanar hanya.

Mota kuwa, ku manta da trotro, wato ƙaramar bas ta haya, daga tashar Kaneshie. Matakinta na da tsawo, kujerun a matse, kuma direba ba zai tsaya don Hajiya ta miƙe ƙafa ba. Ku yi shatar mota mai kujera bakwai ban da ta direba, da ƙofa mai zugewa, ta yini sukutum, a yi ciniki har da mai da jiran direba. Kada ku ɗauki jif mai tudu don ganin ta fi ƙarfi, hawanta azaba ce ga mai ciwon gwiwa. Kwana ɗaya kafin tafiya a kawo motar gida, Hajiya ta gwada shiga da fita, a kuma ga ko keken na shiga but, wato wurin kaya na bayan mota, bayan an ɗaga kujerun baya. Sau da yawa a nan ake samun matsala: kujeru bakwai sun cika, keke ba shi da wuri.

Malama Jinya:

Alhaji ya gama maganar hanya, bari in taɓo keke da jiki.

Keken asibiti an yi shi ne don daɓen siminti. Ƙananan ƙafafunsa na gaba suna nutsewa a yashi nan take, mai turawa ya ƙara ƙarfi, keken ya tsaya cak, wanda ke ciki ya zame gaba. Don haka ba a tura keke gaba a yashi ko tsakuwa. A karkata shi baya a kan manyan ƙafafun, a ja shi da baya, kuma ɗan gajeren wuri kawai. Haka wajen gangara: mai turawa ya juya, shi ke ƙasa, ya sauka da baya a hankali. Idan za a ɗaga ta a tsallake matakala biyu ko uku, maza biyu ne, ɗaya ya riƙe hannuwan baya, ɗaya ya kama ƙarfen jikin keken ta gaba. Kada a kama wurin ɗora ƙafa ko na ɗora hannu, a yawancin kekuna cirewa suke yi, sai su zare a hannun mutum. Kafin ta zauna ko ta tashi a ja birki duka biyu, a ɗage wurin ɗora ƙafar. A duba iskar taya tun a gida, don taya mai laushi birki ba ya kama ta.

A mota ta zauna gaba, a tura kujerarta ta koma baya. Shiga da mazaunai ake fara yi, sannan a juyo da ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. A kowace tsayawa ta sauko ta taka ko da taku goma ne, in ba haka ba gwiwar za ta sandare ta kasa sauka a Cape Coast.

Banɗaki shi ne abin da tsofaffi ba sa faɗa. Da yawa sai su ƙi shan ruwa don kada su dami kowa, ga zafi ga sukari, sai jiri. Banɗakunan hanya da dama na tsuguno ne. Ku tafi da kujerar masai mai naɗewa, buta, zane na yin shamaki, kuma ke da kanki ki riƙa tambayarta a keɓe.

Insulin a saka shi a kular ƙanƙara, a naɗe da tawul kada ya taɓa ƙanƙara, daskarewa na lalata shi kamar yadda zafin mota a rufe ke yi. Kada a yi mata allura a ce sai an isa za a ci abinci. Ku riƙe na'urar awon sukari, dabino da sukari a jakar hannu, ba a but ba. Idan ta fara gumi, karkarwa ko magana ta rikice, a auna. In sukarin jininta ya yi ƙasa da 4 (mmol/L), cokalin shayi uku zuwa huɗu na sukari a ruwa ko rabin kofin lemon kwalba, a sake awo bayan minti 15. Akwai asibitin koyarwa a Cape Coast, lambar gaggawa kuma 112. Takalmi rufaffe za ta sa, mai sukari ba ya taka bakin teku da ƙafa tsirara, akwai ƙayar kifi da fasassun kwalabe.

Ɗan Kotokuraba:

Na yarda da wuri biyu, amma kada a ɗauka tsoffin sansanonin Turawa biyu da aka riƙa tsare bayi a cikinsu, na Cape Coast da na Elmina, ɗaya ne ga mai keke. Na Cape Coast ya fi sauƙi: farfajiyarsa na da faɗi, daga nan tana ganin teku da jerin igwa. Kurkukun maza kuwa ta gangara mai duhu ake shiga, daɓen ba daidai ba, iska kaɗan, gidan tarihin da ɗakin gwamna kuma a bene suke. Hajiya ta zauna a inuwa da mutum ɗaya, sauran su bi mai zagayawa da baƙi, kusan awa ɗaya ne. Ku gaya masa tun a ƙofa akwai dattijuwa, ya fara bayanin a inda take ji.

Na Elmina, wanda 'yan Fotugal suka gina a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, ya fi tsufa kuma ya fi wuya: matakalai masu tsayi, ƙofofi gajeru, hanyar da aka riƙa fitar da bayi zuwa jirgi sai an sunkuya. Ni a ganina kada ku biya kuɗin shiga na biyu. Abin kallo a Elmina a waje yake, tafkin Benya cike da kwale-kwale masu fenti da tutoci, ana sauke kifi. Daga kusa da gadar da ta ratsa tafkin ana gani ko daga cikin mota. Kasuwar kifin kada a shiga da keke, ƙasa jiƙe take da santsi, ga turereniya.

Ku kula da rana. Talata masunta ba sa fita teku, gari ya fi sarari amma ba za a ga sauke kifi ba. Talatar farko ta Yuli bikin Bakatue ne a Elmina, Asabar ɗin farko ta Satumba kuma Fetu Afahye a Cape Coast, ranakun nan mota ba ta kusantar inda kuke so. Mayu da Yuni ruwan sama ya fi yawa. Yara kuma kada su wuce idon sawu a ruwa, tekun nan na ja da ƙarfi ko da ya yi kamar ya kwanta.

Maman Yasmin:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yara sun dage sai sun taɓa yashi. Ina ya fi, kuma abinci fa?

Alhaji na Sabon Zongo:

Kada ku nemi bakin ruwan masunta. Ku nemi masaukin baƙi na bakin teku a Elmina ko Anomabo mai rumfa da daɓe, inda take zaune tana kallon jikoki. Ku buga waya tukuna, kada ku tambaya "keke na shiga?" don kowa e zai ce. Ku tambaya matakala nawa ce daga inda mota ke tsayawa zuwa rumfa, kuma banɗakin na zama ne ko na tsuguno. In ya yiwu su turo hoto ta WhatsApp. Abincin Hajiya ku dafo daga gida, don gasasshen kifi a irin wuraren nan kan ɗauki awa guda kafin ya iso, ita kuwa lokacin cinta ba ya jira. Dokunun Fante kwa saya a Yamoransa a hanyar dawowa. Da kun isa gida a wanke ƙafafun keken da ruwan famfo a shafa mai, gishirin teku na sa shi tsatsa.