Makarantarmu za ta buɗe imel mai sunanta: Google ko Microsoft?

Malama_Mataimakiya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ce mataimakiyar shugaban wata sakandare mai zaman kanta, kuma an ɗora mini aikin da ban san kansa ba. Har yanzu kowane malami da Gmail ɗinsa yake aikin makaranta. Jadawalin darasi kala uku ne ke yawo, kowa na cewa nasa ne sabo. Abin da ya tayar da maganar shi ne malamin da ke haɗa sakamakon jarrabawa ya bar aiki, fayilolin duk suna cikin Drive ɗinsa. Lafiya muka rabu, amma kowace takarda sai mun kira mun roƙa.

Yanzu hukumar makaranta ta ce a samo imel mai sunan makaranta, da wurin ajiya ɗaya da kowa zai riƙa aiki a ciki. Wani ya ce Google Workspace, wani ya ce Microsoft 365, wani kuma ya ce mu sayi babbar kwamfuta mu ajiye a ofis ta zama sabarmu. Wanne ya fi? Da gaske ne kyauta ake ba makarantu? Muna da shafin intanet da wani tsohon ɗalibinmu ya yi mana, ko wannan zai taimaka?

Mai_Saita_Sabar:

Wa alaikumus salam Malama. Wannan shi ne aikina, makarantu da ƙananan kamfanoni nake saita wa irin wannan. Kafin a zo kan Google ko Microsoft, maganarki ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai. Sunan shafin naku, wato domen, da sunan wa aka yi rajistarsa? Imel ɗin wa aka sa? Wa ke biyan kuɗin sabuntawa?

Ga dalilin tambayar. Domen ba a sayensa a mallake shi har abada, haya ake yi, yawanci shekara-shekara. A cikin saitinsa akwai layin da ake kira MX, shi ke gaya wa duniya inda za a kai duk saƙon da aka aiko wa adireshinku. Wanda ke riƙe da kalmar sirrin domen zai iya juya wannan layi cikin minti biyu, wasiƙunku su koma wani wuri. Ko bai yi niyyar mugunta ba, in ya manta bai sabunta ba, ranar nan imel ɗin shugaba da na akanta da na kowa zai tsaya cak. Na sha zuwa wurin da aka kira ni wai "Google ya lalace", ina dubawa sai in tarar domen ne ya ƙare, wanda ya yi rajistar kuma ya canza lambar waya tuntuni.

Maganar sabar a ofis kuwa, ki cire ta daga lissafi. Tana son wuta dare da rana, tana son mai sa mata gyaran tsaro duk lokacin da ya fito, sannan manyan kamfanonin imel ba sa saurin yarda da saƙon da ya fito daga ƙaramar sabar da ba su sani ba, sai su jefa shi akwatin tarkace. A watan Maris na 2021 an gano ɓaraka a Exchange Server, manhajar sabar imel ta Microsoft, aka kutsa dubban wuraren da ke riƙe da sabarsu da kansu, masu amfani da Exchange na girgije, wato wanda Microsoft ke riƙe da shi a nasa sabar, kuwa abin bai shafe su ba. Makarantar da ba ta da ma'aikacin kwamfuta na dindindin ba ta da abin yi da wannan wahala.

Kyauta kuma gaskiya ne. Na Google sunansa Workspace for Education Fundamentals, na Microsoft kuma Office 365 A1. Dukansu sai kun nuna shaidar cewa ku makaranta ce da hukuma ta amince da ita, kuma tantancewar kan ɗauki kwanaki, don haka ki tanadi takardun rajista. Amma ki sani zanen aro ba ya rufe katara. A da Google na ba makarantu wurin ajiya mara iyaka, daga Yulin 2022 ya mayar da shi TB 100 ga makaranta gaba ɗaya. Ku wannan ya ishe ku har ya yi yawa, manyan jami'o'i ne suka ji a jikinsu. Ina dai nuna miki cewa sharaɗin kyauta yana canzawa. Shi kuma A1, Word da Excel da PowerPoint ɗinsa a burauza ake buɗe su, ba ya ba da lasisin waɗanda ake sa wa a kan kwamfuta. Mutane da yawa sai sun shiga suke gane haka.

Ra'ayina: tunda malamanku sun saba da Gmail da Drive, ku ɗauki Google. Classroom, manhajarsu ta gudanar da aji wadda ta fito a 2014, ba ya da wuyar koyo, malamin da ya iya tura hoto a waya zai iya ba da aikin gida da shi. Amma ko wanne kuka ɗauka aiki zai yi. Abin da ke kashe mutane shi ne makulli a hannun mutum ɗaya.

Hajiya_Akanta:

Malama sannu da ƙoƙari. Ni ba makaranta nake ba, ƙaramin ofishin lissafi nake da shi, kuma Microsoft 365 muke amfani da shi. Injiniya ya yi gaskiya amma ya ɗan yi son kai wajen zaɓi. In akantanku yana da tsofaffin fayilolin Excel masu dabaru a ciki, irin waɗanda ake danna maɓalli su haɗa rahoto da kansu, Sheets na Google ba zai tafiyar da su ba. Ki je ki zauna da shi ki ga abin da yake buɗewa kullum kafin ku yanke.

Abu ɗaya da nake so a namu: in ma'aikaci ya tafi, sai in mayar da akwatin imel ɗinsa ya zama na haɗaka, wanda ya gaje shi ya ci gaba da ganin tsofaffin wasiƙu, kuma ba a biyan lasisi a kansa muddin bai wuce GB 50 ba. Mu da ke biya kan kowane mutum duk wata, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai gargaɗi. Ki tilasta wa kowa tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida kamar lambar da ke zuwa waya, tun ranar farko, kada ki bari ya zama ganin dama. Wata ma'aikaciyata ta taɓa samun saƙo wai akwatinta ya cika, ta danna, ta rubuta kalmar sirrinta a shafin bogi. Ɓarawon bai taɓa komai ba, zama ya yi yana karanta wasiƙunmu, har ya ga wanda ke shirin biyanmu, sai ya aika masa da wata lambar asusun banki da sunanmu. Allah ya sa mutumin ya kira don ya tabbatar. Makarantar da iyaye ke biyan kuɗi ta banki, irin wannan ne zai fara zuwa mata.

Malamin_Kimiyya:

Mu mun yi wannan ƙaura, bari in faɗi ta ɓangaren aji. Imel mai sunan makaranta shi kaɗai ba zai magance matsalar malamin da ya tafi ba. In kowa ya ci gaba da ajiya a Drive ɗin asusunsa, fayil nasa ne, ranar da aka goge asusun sai ya bi shi. Akwai kwana 20 da admin, wato mai kula da asusun makarantar gaba ɗaya, zai iya dawo da asusun da aka goge, bayan nan shi ke nan. Ku buɗe Drive na haɗaka: ɗaya na jarrabawa, ɗaya na kuɗi, ɗaya na kowane sashe. Abin da aka sa a ciki na makaranta ne, kowa ya tafi yana nan.

Kada kuma ku buɗe wa ɗalibai asusu lokaci ɗaya da malamai. Ku ba malamai zango ɗaya su saba. In an zo kan yara, a ware su rukuni daban, a hana su karɓar saƙo daga wajen makaranta, a kuma nemi amincewar iyaye a rubuce, musamman kan ƙarin manhajoji irin su YouTube ga 'yan ƙasa da shekara 18. Inda intanet ke yankewa, Docs da Sheets suna aiki ba tare da shi ba a Chrome, amma sai an kunna saitin tun ana da intanet. Wannan kowa sai ya manta sai ranar da ake shigar da maki.

Malama_Mataimakiya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, na bincika, domen ɗin da imel ɗin yaron aka yi rajistarsa, shi ke biya mu mayar masa. Yaron kirki ne, ba na so ya ga kamar ba mu yarda da shi ba. Ya zan yi? Sannan tsofaffin wasiƙu da fayilolin da ke Gmail ɗin malamai fa? Hajiya, akantanmu na can na ce ya nuna mini kayan aikinsa gobe.

Mai_Saita_Sabar:

Ba abin jin nauyi ba ne Malama. Ki ce masa hukuma na son duk kadarorin makaranta su koma sunanta, har da domen, kuma kuna so ya ci gaba da kula da shafin. Ku zauna tare, a buɗe asusu da sunan makaranta a kamfanin da aka yi rajistar, ya tura domen ɗin can, a kunna sabuntawa ta kai tsaye. Imel ɗin da za a sa a wannan asusu kada ya zama na domen ɗin kansa, domin in domen ya mutu, saƙon ceto ma ba zai iso ba.

A Workspace ɗin kuma a yi manyan admin biyu, ke da shugaba misali, kowa da nasa asusun, ba kalmar sirri ɗaya da ake rubutawa a bayan kalanda ba. A buga lambobin ceto, waɗanda ake shiga asusu da su in waya ta ɓata, a takarda a kulle inda ake ajiye takardun makaranta.

Tsofaffin wasiƙu ana iya kwaso su, akwai kayan ƙaura a shafin admin. Sai dai Gmail ɗin malami nasa ne, akwai sirrinsa a ciki, don haka ni ba na kwashe akwati gaba ɗaya. Ya tattara na aiki a ƙarƙashin lakabi ɗaya ya turo. Fayilolin Drive kuwa, ba a iya miƙa mallakarsu kai tsaye daga asusun mutum zuwa na makaranta, sai dai a kwafa ko a sauke a sake ɗorawa. Aiki ne mai cin rai, ki ba kowane sashe mako guda da mutum ɗaya da zai bi sawu.

Ranar juya MX ki zaɓi lokacin hutu, canjin kan ɗauki sa'o'i, wani lokaci har kwana biyu, kafin ya game ko'ina. Duk wanda zai yi muku saitin, ki ce ya nuna miki ya sa SPF da DKIM da DMARC. Su ne ke shaida cewa saƙon daga gare ku yake, kuma tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara a kansu. In babu su, sanarwar da kuka aika wa iyaye a akwatin tarkace za ta kwana. Bayan an gama ki aika gwaji zuwa Gmail ɗaya da Yahoo ɗaya da Outlook ɗaya, ki faɗa mana inda kowanne ya faɗa.