Shin bishiyar Merkle tana ƙara wa bulokcen sauri, ko nauyi kawai take ragewa?

Sadiƙu:
Assalamu alaikum. Na sha karanta cewa Bitcoin ba ya ɗaukar fiye da ciniki bakwai ko makamancin haka a daƙiƙa ɗaya, saboda a bulokcen ɗinsa, wato kundin da ake rubuta cinikayya a cikinsa rukuni-rukuni, rukuni guda da ake kira tubali ne ke fitowa kusan kowane minti 10, kuma an ƙayyade girmansa. Ana kuma yawan cewa tsara bayanai a siffar bishiya yana maganin wannan cunkoso. Abin da ya shige mini duhu shi ne, tunda Bitcoin yana amfani da bishiyar Merkle tun farawarsa a 2009, me ya sa cunkoson bai gushe ba?

Malama Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Sadiƙu. Bishiyar ba ta faɗaɗa tubali, aikinta shi ne sauƙaƙa wa mai bincike. Kowane ciniki ana fitar masa da hatimin lissafi (hash) mai bait 32, bait kuwa ma'aunin girman bayanai ne, sai a haɗa hatiman biyu-biyu a fitar da sabo, a yi ta hawa haka har ya rage guda ɗaya, wato saiwa, wadda ake ajiyewa a sashen farko na tubalin da ake kira kan tubali, shi kuwa kan tubali bait 80 ne kacal. A ce tubali yana ɗauke da ciniki 4,096, kana so ka tabbatar naka yana ciki, to hatimi 12 kawai za a ba ka, bait 384 ke nan, ka lissafa da kanka har ka iso saiwa. Idan aka taɓa ko harafi ɗaya a cinikin, saiwar ba za ta dace ba. Shi ya sa wayar hannu take iya tantancewa ba tare da ta sauke dukan kundin ba, kamar yadda Satoshi Nakamoto, wanda ya ƙirƙiro Bitcoin, ya bayyana a takardarsa ta 2008.

Injiniya Bello:
Bayanin Malama ya yi daidai, sai dai a Ethereum, wani bulokcen na daban, lamarin ya fi haka sarƙaƙiya, domin can ana adana matsayin kowane asusu ne a bishiyar Merkle Patricia mai rassa 16 a kowace gaɓa. Hakan na nufin a kowane hawa hujja tana iya buƙatar hatiman maƙwabta har 15, sai ta kumbura. Bishiyar Verkle, wadda John Kuszmaul ya gabatar a 2018, ta kawar da buƙatar kawo maƙwabtan, shi ya sa aka yi tunanin ba ta rassa 256. A ganina dai ba ta tsira daga aibi ba, tunda ta dogara ga irin lissafin da ake fargabar kwamfutocin kwantam, wani sabon nau'in kwamfuta da ake kan ƙerawa, za su iya karyawa nan gaba.

Malama Hadiza:
Haka ne, Injiniya. Akwai kuma abin da ya kamata Malam Sadiƙu ya lura da shi: hujjar Merkle tana nuna cewa ciniki yana cikin tubali, amma ba ta nuna ko halastacce ne. Tsare-tsare irin su Arbitrum da Optimism suna sarrafa dubban cinikayya a gefe su miƙa wa Ethereum saiwarsu, amma dole su wallafa bayanan cinikin ma, in ba haka ba babu mai iya ƙalubalantar saiwar ƙarya. Don rage tsadar wannan wallafawa ne gyaran da aka yi wa Ethereum mai suna Dencun a watan Maris 2024 ya ware wa bayanan wani gurbi na musamman, inda ake riƙe su kimanin kwana 18 kafin a share.