Me za mu kira "latent heat" da Hausa?

Malamin Kimiyya, Gusau: Salamu alaikum. Litinin zan koya wa 'yan SS2 narkewar ƙanƙara, na maƙale a "latent heat". Ka sa ma'aunin zafi cikin kofin ƙanƙara, tana ta shan zafi daga iska da jikin kofin, amma ma'aunin na tsaye cak a digiri 0 har sai gutsuren ƙarshe ya narke. Giram ɗaya kan cinye wajen jul 334 (da jul ake auna yawan makamashi), zafin da zai kai wannan ruwan kusan digiri 80. Me sunan wannan zafin?

Ɗan Jarida: Ɓoyayyen zafi mana. Joseph Black da ya gano shi a shekarun 1760 ma kalmar Latin mai nufin ɓuya ya ɗauko.

Malamin Kimiyya, Gusau: Shi na yi amfani da shi bara. Wata yarinya ta ce, "Malam, ke nan ƙanƙara na da zafi a ciki kamar garwashi cikin toka?" Ai daga waje yake shigowa.

Hajiya Mai Ƙanƙara: Ban san sunansa ba, Malam, amma daga waje ne kam. Da azumi in na bar ƙulli kan faranti, kafin la'asar ya zama ruwa. Wanda na binne cikin garin katako na rufa da buhu sai ya kai magariba.

Bakabe, Argungu: Zahin kwance-ɗauri. Aikinai ke nan, shina kwance ɗaurin ƙwayoyin ruwa, shi ya sa ma'auni bai motsi. Kuma zahi ne, ku bar ɗora muna Kananci.

Ɗan Jarida: Baba, daidaitacciyar Hausa muke rubutawa. Yaron da ya rubuta "zahi" a jarrabawa wa zai cece shi?

Bakabe, Argungu: Wa ad daidaita ta? Kihinmu kuka zuwa ci duk shekara, ba ku taɓa cewa bai daidaita ba.

Malama Mai Nahawu: Ni "jul" da "digiri" ne suka dame ni. Muna rigima kan kalma guda, jimlar duk aro ce.

Ɗan Jarida: Malama, lita da mita ma aro ne, kuma da su kike sayen mai da yadi.

Malamin Kimiyya, Gusau: Jama'a, Litinin fa. Zafin narke fa?

Malama Mai Nahawu: In ka zo tafasa ya za ka yi? Can ma ruwa na tsayawa a wajen digiri 100 yana shan zafi har ya zama tururi.

Bakabe, Argungu: Kun gani? Kwance-ɗauri ya ɗauke duka biyun.

Malamin Kimiyya, Gusau: Ya yi mini tsawo, Baba, amma ba yadda na iya. Ɓoyayyen zafi a allo don ya yi daidai da Turancin jarrabawa, kwance-ɗauri a bayanin baki. Hajiya, a ajiye mini ƙulli biyu, da faranti da buhu zan shiga aji.

Bakabe, Argungu: A baki kawai? To, Allah ya kyauta. Ka dai hwaɗa musu daga Kabi ta hito.