Neman shawara: ƙarfen da ƙanena ya sayo ya yi kama da harsashin igwa

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni mai gyaran rediyo da talabijin ne a Sabon Garin Zariya, kuma ina da ƙane ɗan gwangwan da ke tara kayansa a filin da ke bayan shagona. Jiya da la'asar ya dawo daga ƙauye da wani ƙarfe da ya saya a hannun yara, waɗanda suka ce garma ce ta tono shi ana huɗa. Tsawonsa ya kai kamu biyu, gindinsa a shafe, kansa a tsuke kamar na kwalba, tsatsa ta ci jikinsa, sai wani zobe na jan ƙarfe kusa da gindin mai zane-zane a karkace kamar an karce shi da ƙusa. Niyyarsa ita ce ya sa guduma da kurfi ya cire zoben, domin jan ƙarfe ya fi tsada a sikeli, amma na hana shi, muka kifa masa tsohon kwanon rufi.

Na taɓa karanta cewa makaman zamani suna da makulli na lantarki da ke hana su tashi sai an harba su, kuma idan batirinsu ya mutu sun zama ƙarfe kawai. Shin wannan da ya daɗe a ƙasa bai riga ya mutu ba? Idan kuma dole a miƙa shi ga hukuma, zan iya sa shi a buhu in kai ofishin 'yan sanda a kan mashin? Ba zan ɓoye muku ba, tsorona shi ne a riƙe ni ko ƙanena a ce mu faɗi inda muka samo shi.

Tsohon soja, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka ƙarasa karanta amsata, ka fitar da kowa daga filin nan, kada a sake ɗaga kwanon ko da don ɗaukar hoto ne. Zoben da ka kwatanta shi ne ke kama cikin bakin igwa ya sa harsashi juyawa, kuma zanen da ka gani a karkace shaida ce cewa an riga an harba shi. Makullin da kake magana a kai an yi shi ne don ya kare sojan da ke ɗaukar harsashi, da direban da ke dakonsa, da ma'ajiyar da yake kwance. Abin da ke buɗe shi shi ne harbin kansa, wato fizgar fita daga bakin igwa da juyawar da yake yi a iska. Wanda ke bayan shagonka ya riga ya bi ta wannan hanya, saboda haka sai a ɗauka a buɗe yake, abu ɗaya ne kawai ya maƙale a cikinsa, kuma babu mai iya gane ko wane ne ta hanyar kallo. A lokacin da muke aiki, ko mu da muka harba ba a yarda mu kusanci wanda ya ƙi tashi ba, sai ƙwararrun kwance bam, su ma galibi a inda yake suke tarwatsa shi. Cewa ya jure hanya daga ƙauye zuwa Sabon Gari bai zama hujjar zai jure tafiya ta biyu ba.

Injiniyan lantarki, Samaru: Baba ya faɗi abin da ya fi muhimmanci, ni dai zan tsaya a kan batun batir, domin abin da Malam ya karanta yana da tushe, sai dai an ɗora shi a inda bai dace ba. Ƙa'idar ƙera fiyus ɗin makamai, wato na'urar da ke tayar da fashewarsu, kamar ta sojan Amurka mai lamba 1316, ta tanadi cewa a sami aƙalla matakan kariya biyu waɗanda ba su dogara da juna ba, ta yadda lalacewar ɗaya ba za ta buɗe makamin ba. A tsohon tsari ƙarafa ne da sifirin ke yin wannan aiki: ɗan ƙaramin abin da ke tayar da fashewar ana ajiye shi a kauce daga layin babban abin fashewa, sai an harba sannan ya zame ya daidaita. A sabon tsari na lantarki zalla, wanda aka fi samu a makamai masu linzami da bama-baman da ake sarrafawa, babu abin da ke zamewa. Abin tayarwar ba ya jin ƙaramar wuta, sai mai ƙarfin gaske, kuma na'urar ba ta tara wannan wuta sai ta tabbatar da alamomi daban-daban cewa makamin ya bar hannun masu shi ya yi nisa da su.

Dalilin wannan tsanani kuwa an koye shi ne da rayuka. A watan Yuli na 1967 wata wutar lantarki da ta kauce hanya ta harba roka daga jirgin saman yaƙi da ke ajiye a kan jirgin ruwan Amurka mai suna Forrestal, gobarar da ta biyo baya ta kashe mutum 134.

Maganar mutuwar batir ta fi shafar wasu nakiyoyi da ake watsawa daga nesa. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1996 ta ce irin waɗannan su tarwatsa kansu cikin kwana 30, idan sun kasa, su daina aiki cikin kwana 120. To, ko masu rubuta yarjejeniyar sun bar gurbin cewa ɗaya cikin dubu na iya saura da rai. Harsashin igwa mai tsatsa irin wanda aka kwatanta kuwa, akasari ba shi da batir ko kaɗan, buguwa yake jira. Malam, kai da kanka ka san tsohuwar talabijin mai ƙusumbi tana iya jan hannunka bayan an cire ta daga soket, kuma ba ka yarda da ita sai ka sauke wutar da hannunka. Wannan kuwa babu ta inda za ka sauke shi. Ko da fiyus ɗin ya ruɓe gaba ɗaya, abin fashewar da ke cikin cikinsa yana nan, kuma guduma ko wutar walda sun isa.

Wani ɗan'uwa: Ni a ganina, don gudun shiga hannun hukuma, ku bari dare ya yi ku jefa shi a kogin Kubanni, ko ku haƙa rami mai zurfi ku binne, magana ta wuce.

Malamar makaranta, cikin Birni: Ɗan'uwa, don Allah ka janye wannan shawara. Kogin da ka ambata yara na wanka a cikinsa, masu lambu na ban ruwa da shi, da rani kuma masu ɗiban yashi suna sa shebur har ƙasansa. Binnewa ma ai daga ƙasa aka tono shi tun farko. Ruwa da ƙasa ba sa kashe waɗannan abubuwa: a birnin Gottingen na Jamus, a 2010, bam ɗin Yaƙin Duniya na Biyu ya kashe ƙwararru uku da suka zo kwance shi, shekara 65 bayan ƙare yaƙin. A nan gida ma, bayan fashewar ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ranar 27 ga Janairu 2002, wadda ta ci rai fiye da 1,000, sai da sojoji suka koma a 2023 suna tsince ragowar da ba su tashi ba.

Game da tsoronka, Malam, ban raina shi ba, amma ka auna: mutumin da aka tare a shingen bincike da harsashi a buhu, da mutumin da ya zo da mai unguwarsa ya ba da rahoto hannunsa babu komai, wane ne ya fi sauƙin bayani? Ka je wurin mai unguwa yanzu, ku tafi tare da shugaban 'yan gwangwan na yankinku zuwa ofishin 'yan sanda mafi kusa, su ne za su kira sashensu na kwance bam. Ƙanenka ya faɗi sunan ƙauyen da gonar ba tare da kwana-kwana ba, domin inda aka sami ɗaya ana iya samun na biyu, kuma yaran nan sun riga sun gane cewa akwai mai saye.

Tsohon soja, Tudun Wada: Na goyi bayan Malama. Abin da zan ƙara shi ne, idan akwai mai walda ko mai tuya kusa da filin, a roƙe su su kashe wuta, a ɗaura igiya tun daga bakin lungu, kuma wanda zai yi gadi ya tsaya daga nesa a bayan gini, kada ya zauna a gindin katangar filin.

Mai tambaya: Na gode, Baba, na gode Injiniya da Malama, Allah ya saka da alheri. Na rufe shago, mai waldan da ke maƙwabtaka da mu ya kashe injinsa, duk da sai da muka ɗan yi ja-in-ja a kan aikin ƙofar da ya karɓa. Mai unguwa ya ce in jira shi ya idar da sallar azahar mu wuce tare, ƙanena kuma yana neman lambar wanda ya raka shi ƙauyen don a gano gonar.