Masu zama a tsofaffin gidajen Garki da Wuse, ya kuka yi da ruwan masai in ya dawo?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Muna haya a ƙasan wani tsohon bene a Garki, Abuja, irin gidajen ma'aikatan nan da aka gina tun kafin gwamnati ta taso daga Legas a 1991. Tunda damina ta kankama, da an yi ruwa mai ƙarfi sai masai ya fara ƙugi, can sai baƙin ruwa ya ɓullo ta ramin wanka ya malalo har bakin ɗaki. Na samanmu ko a jikinsu. Mun biya motar kwashe masai, ba a jima ba abu ya dawo. Yanzu ko sallah zan yi sai na tsaya ina kokwanton tsarkin wurin. Wanda ya taɓa shiga irin wannan don Allah ya faɗa mana yadda ya fita.

Abu Sadiq na Wuse: Wa alaikumus salam. Hajiya, sai haƙuri, kuɗin motar nan kam sun tafi a banza. Gidajen Garki da Wuse da Maitama da Asokoro yawancinsu ba sokawe (ramin masai na cikin gida) gare su ba, babban bututu ɗaya suke zubawa, shi kuma gangara ce ke kai shi matatar ruwan masai ta Wupa. In ya toshe a gaba, ruwan baya yake yi ya nemi mafita mafi ƙasa, wato banɗakinki. Motar abin da ke cikin cambarku, wato ɗan ramin da bututun gidanku ke haɗuwa, kawai ta zuƙe. Da namu ya yi haka, manhol, wato ramukan duba bututu masu murfi, muka riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya muna bin gangara har muka tarar da busasshe. Tsakanin cikakken da busasshen nan cutar take.

Baba Falamba: Abu Sadiq ya faɗi gaskiya. Ni sana'ata ke nan tun gashina na baƙi. Abin da nake jawowa da rodi ba ya wuce famfas ɗin yara, audugar mata, ledar ruwa, da kitsen miya da ya daskare ya kama yashi ya zama dutse. Amma 'yata, tunda kin ce sai an yi ruwan sama, ina zargin abu biyu. Ko wani ya haɗa indararon rufinsa da cambar masai, alhali hanyar ruwan sama daban aka yi ta, ko kuma akwai manhol da aka sace murfinsa, yashi da shara na kwarara ciki. Sannan ki duba ko akwai mangwaro ko darbejiya kusa da layin. Tsohon bututu ta mahaɗa yake buɗewa, saiwa ta shiga siririya, ta sami taki ta cika shi.

Kuma ina roƙonku da girman Allah, kada a ba wani yaro 'yan kuɗi a ce ya sauka ramin. Iskar cikinsa warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi, in ta yi yawa hanci ya daina jinta, mutum ya ɗauka lafiya lau sai ya faɗi. Wanda ya bi shi ceto ma faɗuwa yake.

Ɗan Nyanya: Ashe mu masu sokawe da ake wa kallon 'yan ƙauye muna da abin godiya.

Hajiya Uwani: Baba, namu ya wuce rodi. An zo da motar nan mai harba ruwa da ƙarfi, a buɗe yau, a toshe jibi. Ashe bututun ne ya rufta, don wani ya ɗora shago daidai kansa. Alamar da muka gani ita ce ƙasa na lotsawa a bayan katanga, ciyawar wurin kore shar ko da rani. Lokacin El-Rufa'i yana minista an rushe gine-gine da yawa saboda hawa kan layin masai, mutane suka yi ta tsinuwa, ni ma ban ji daɗi ba a lokacin, amma da na kwana cikin wari na gane dalili. Sai da aka fasa shagon, aka haƙa, aka sa sabon bututun roba. Rigimar biyan kuɗi ta fi haƙar wuya: na cikin katanga na mai gida ne, na titi na hukuma, namu kuwa ya karye daidai kan iyaka. Mun sha zarya ofis da takarda kafin a leƙo mu.

Injiniya Sani: A nan Landan ma fama ake. A 2017 an tarar da dunƙulen kitse da tsumman goge jarirai mai nauyin tan 130 a Whitechapel, cikin magudanar da aka gina tun ƙarni na 19. Bambancin shi ne kyamara suke fara turawa su ga inda ya fashe, sau da yawa kuma ba a haƙa titi: wata riga mai danƙo ake zurawa cikin tsohon bututun, a hura ta, ta sandare ta zama sabo. Amma wanda ya riga ya rufta irin na Hajiya Uwani, dole sai haƙa.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, maigidana ya bi layin da yamman nan. Manhol na bayan makwabtanmu ba murfi, faifan katako aka ɗora, cike yake da yashi, na gaba da shi kuma a bushe. Abu Sadiq, takardar ƙorafin da sunan mai gida ake rubutawa ko mu 'yan haya za mu iya sa hannu?