Girgizar ƙasa ce ta kafa ƙauyen bonsai na Omiya, ko dama can masu renonsa za su tashi daga Tokyo?

Mai Lambu: Jama'a, ina nan a kan bakana. Ba don girgizar ƙasar Kanto ta 1 ga Satumba 1923 ba, da babu ƙauyen bonsai na Omiya, a arewa da Tokyo a ƙasar Japan. Masu renon bonsai, wato bishiyoyin nan da ake tsarewa a tukunya su tsufa ba su yi tsawo ba, a unguwar Dangozaka ta Tokyo da kewayenta suke. Gari ya ƙone, mutum sama da 100,000 suka mutu, a 1925 suka fara kwashe tukwanensu zuwa Omiya. Ina abin musu a nan?

Malamin Makaranta: Yaya, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Tun kafin girgizar, Tokyo ta cika ta batse, gidaje sun matse lambuna, hayaƙi ya yi yawa. Itacen da ƙasarsa ba ta wuce cikin kwano ba, da iska da ruwa mai kyau yake rayuwa. Omiya kuwa ga fili, ga ruwa, ga ƙasa mai kyau, ga jirgin ƙasa zuwa wajen masu saye a Tokyo. Ko ba girgiza za su tashi.

Mai Lambu: Za su tashi ɗaiɗai, kowa ya kama gabansa. Wa zai haɗa su wuri guda?

Hajiya Babba: Ku duka kuna ta maganar tashi, kun bar maganar zama. Ƙaura kowa na yi. Abin da ya mai da wurin ƙungiya dokokin da suka gindaya wa mazauna ne: ka mallaki bonsai aƙalla 10, ƙofar lambunka a buɗe ga masu kallo, ba gidan bene, shinge kuma na shuka mai rai. Ku dubi ta benen nan da kyau. Inuwar maƙwabci kawai ta isa ta raunana itacen da aka yi shekara 100 ana reno. Da wannan suka kai lambuna wajen 30 kafin yaƙin duniya na biyu.

Malamin Makaranta: Hajiya, da doka na riƙe ƙauye, ai da ba su ragu ba. Lokacin yaƙi aka ɗauki sana'ar a matsayin almubazzaranci, matasa suka tafi soja, daga baya filaye suka yi tsada. Yau lambunan ba su kai 10 ba.

Hajiya Babba: Sun ragu, amma a nan aka yi taron bonsai na duniya na farko a 1989, aka buɗe gidan tarihin bonsai a 2010. Unguwar ma sunanta a hukumance Bonsai-cho.

Mai Lambu: To Malam, har yanzu ba ka amsa mini ba. In hayaƙi ne ya kore su, me ya hana su tashi a 1920?

Malamin Makaranta: Kai ma Yaya, in girgiza ce, me ya zaunar da su har 1925?